Ina Ka Kai Mini Raƙumana?

Mai karatu, wannan watan zan roƙi arziki a wurinka. Na san ka saba in ka buɗe wannan shafi ka tarar na kayar da wani fim ina feɗe shi, darakta ya ji haushi, furodusa ya bugo waya yana faɗa. To yau wuƙar a kaina za ta hau. Akwai wani laifi da na daɗe ina zargin masu shirya finafinanmu da shi, ashe ni ma yana nan a aljihuna, ban sani ba sai da wani yaro ɗan dako a kasuwar Maigatari ya yi mini tambaya guda ɗaya. Gaskiyar Hausawa da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai dai dole in fara yi maka bayanin wani wasa, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. In ka taɓa kallon fim ɗin nan mai dogon zango na Amurka, Stranger Things, wanda aka fara nunawa a 2016, ka ga wasu yara huɗu sun kewaye tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran suna ihu suna jefa dayis. Sunan wasan da suke yi Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fito da shi a 1974, har fim aka yi a kansa a 2000, aka sake yin wani a 2023.

Ga yadda ake yin sa. Mutum ɗaya ne mai jan labari. Kowane ɗan wasa kuma yana da jaruminsa, an rubuta a takarda: sunansa, sana'arsa, ƙarfinsa, wayonsa, da duk abin da ya mallaka. Sai mai jan labari ya ce, alal misali, "Kun iso bakin rijiya da almuru, kun tarar an yanke igiyar guga, ga kuma sawun dawaki uku." Kai kuma sai ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ko ya bi sawun, ko ya leƙa rijiyar, ko ya ce a bar wurin. In abin mai haɗari ne sai a jefa dayis a ga ko ya dace. Ba a ajiye kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani. Sannan labarin ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Inda aka tsaya yau, nan za a tashi mako mai zuwa, har a yi shekaru a haka. Tatsuniya ce dai, amma wadda masu sauraro ke da baki a cikinta.

Ni a Kazaure na koye shi, lokacin ina karatun difloma, a wurin wani abokin zamana da ya zo da littafin dokokin a cikin wayarsa. Da na gama na dawo gida Gumel, a 2021, sai na tara abokai a shagon wani tela bayan sallar isha'i. Ba mu da tebur, don haka muka sa masa suna wasan tabarma, mai jan labari kuma muka kira shi madugu. Da fari mutanen layin sun ɗauka caca muke yi, sai da wani dattijo ya zauna da mu dare biyu, ya ga ko sisi ba a fitarwa, ya tashi yana cewa aikin banza dai ne amma ba na ɓarna ba.

Dodannin Turawa da fadojinsu na dutse ba su zauna mana ba, sai na ƙirƙiro mana tamu duniyar, muka kira ta Ƙasar Rairayi. Zamanin fatake na ɗauko: lokacin da Gumel ke kallon Barno, Damagaram na arewa da mu, ayari na sauko da kantun gishiri daga Balma da kanwa daga ƙasar Manga, ya koma da gero da turkuɗi. Na zuba 'yan fashi a hanya, na sa aljanu a tsofaffin rijiyoyi. Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Kafin shekara ta zagayo mun zama majalisa uku: tawa a Gumel, ta biyu a Maigatari a hannun wani malamin firamare, ta uku a Sule Tankarkar a shagon wani mai cajin waya.

A nan ne abin ya zama mai tsari. Muka sayi babban littafi irin na 'yan kasuwa, duk abin da ya faru a kowace tabarma sai madugunta ya turo ta WhatsApp, ni kuma in shigar. In 'yan Maigatari sun ƙone wani zango ranar Juma'a, 'yan Gumel za su tarar da toka ranar Lahadi. Ɗan wasa kuma yana iya ɗaukar takardarsa ya je wata majalisar ya zauna, matuƙar da sa hannun madugunsa. Daga baya na gano Turawan ma haka suke yi. A 1980 suka kafa wata ƙungiya, wadda daga baya ta riƙa haɗa teburori da yawa a labari guda. Daga 2000 zuwa 2008 sun yi wani tsari mai suna Living Greyhawk, inda aka raba wa kowane yanki na duniyar gaske wani yanki na duniyar wasan, har in kana son labarin wani yankin sai ka yi tattaki ka je can. Tun 2014 kuma suke da wanda ake kira Adventurers League. Mu dai ba mu san da su ba lokacin, buƙata ce ta koya mana.

Yanzu bari in kawo ka kan yaron. Shekarunsa ba za su wuce sha tara ba lokacin. Aikinsa lodin shanu da tumaki a tirela ranar Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, wadda duk mai harkar dabbobi a ƙasar nan ya san ta. Almajiri ne da ya sauka daga tsangaya, boko bai zauna masa ba, don haka da ajami ya rubuta takardar jaruminsa da hannunsa. Jarumin nasa Buzu ne mai raƙumi ɗaya tak, shi ma gurgu. Sauran yara kowa takobi yake nema da layar ɓata, shi kuwa ciniki ya sa a gaba. Ya kai gero arewa, ya sauko da gishiri, ya sayi taguwa, ta haihu. In an yi karo da 'yan fashi, wasu su zare makami, shi sai ya nemi a zauna a yi magana. Cikin shekara biyu ya tara raƙuma talatin da bakwai. Wallahi mai karatu, kowanne ya san shi: wannan amale ne mai cizo, wannan taguwa ce mai tsoron ruwa, wancan a zangon kaza aka haife shi. Ni da nake riƙe da littafin sai na duba, shi kuwa da ka yake kawo su.

Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka yi juyin mulki a Nijar. Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka. Wanda ke Kano ko Kaduna a rediyo ya ji wannan labari, amma mutumin Maigatari a tukunyarsa ya ji shi, domin kuwa kaso mai yawa na dabbobin da ke cika kasuwar daga tsallake suke shigowa. Ba wannan ne karon farko ba, an taɓa rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, amma sanin ciwo ba ya rage zafinsa. Lodi ya ja baya, 'yan dako suka yi yawa, aikin ya yi kaɗan.

Ni fa duk wannan bai dame ni ba yadda ya kamata, kuma ina jin kunyar faɗa. Abin da ya dame ni a lokacin shi ne na gaji da rairayi. Shekara biyu ina ba da labarin rijiya da guga! Na sake kallon Dune na Denis Villeneuve, na sake kallon Black Panther na Ryan Coogler, na ga yadda aka gina Wakanda, sai zuciyata ta ce ai ni ma zan iya. Akwai kuma wani tsohon mafarki. Tun muna yara, in an wuce da mu ta gefen yankin cinikin nan na Maigatari da aka kafa a 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, mukan leƙa manyan sito-siton nan muna saƙa abin da ke ciki. Duk sai na haɗa waɗannan na zauna na rubuta shafi arba'in. Na kira wurin Birnin Ƙarfe: gidaje har sama, jirgin ƙasa mai tafiya bisa iska, babura masu tashi, mutanen da aka ƙera da tagulla suna gadin ƙofa. Har yau ina ganin abin ya yi kyau, ba zan yi maka ƙarya ba.

Kuskuren yana wurin yadda na shigo da shi. Ban tuntuɓi madugan nan biyu ba. Saƙon murya kawai na tura: daga Juma'ar farko ta Nuwamba an rufe Ƙasar Rairayi. Wata guguwa ta taso ta kwashe kowa ta jefa shi shekara ɗari uku gaba. Tsohuwar dukiya ta tashi aiki, kowa zai karɓi sabuwar takarda. Har ina jin daɗi, wai na yi musu bazata.

Ranar na hau mota na tafi Maigatari da kaina don in buɗe labarin. Na zage na yi bayani, na kwaikwayi ƙarar jirgi, na raba sababbin takardu da na buga a kwamfuta, da boko. Wasu yaran suka yi ta murna da babur mai tashi. Shi kuwa yana gefen tabarma, ya riƙe tsohuwar takardarsa da ta sha ninki har ta fara yagewa. Da na tsaya shan ruwa sai ya ce, a hankali, "Yaya, to raƙumana fa? Ina ka kai mini su?"

Na yi dariya na ce, "Kai ma dai! Guguwa ta cinye su. Ga babur na ba ka, ya fi raƙumi ɗari."

Bai ce komai ba. Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya bar sabuwar a kan tabarma, ya ce zai je ya dawo. Bai dawo ba. Mako na biyu bai zo ba, na uku ma haka. 'Yan Sule Tankarkar kuwa cewa suka yi su guguwa ba ta biyo ta wajensu ba, suka ci gaba da fataucinsu. Littafi ya rabu biyu, abin da aka rubuta a wannan shafi ya ƙaryata na wancan. A Gumel mu bakwai ne, muka koma uku. Telan da ke ba mu wuri ya ce mini, "Malam, da can in na zauna na san inda nake. Yanzu kuwa baƙo nake a shagona."

Ka ga abin da ya sa na ce wuƙar a kaina za ta hau. Sau nawa na rubuta a shafin nan cewa an ɗauko lambun Indiya an dasa a tsakar gidan Bahaushe ba tare da an tambayi masu gidan ba? Sau nawa na yi ƙorafin fim mai dogon zango da za a shekara ana bin wata jaruma, mata su yi kuka dominta, rana ɗaya a wayi gari an shafe ta kamar ba a taɓa yin ta ba, don kawai marubuci ya ga wani sabon abu ya burge shi? Dubi yadda mutane suka riƙe garin Daɗin Kowa, ko jihar Alfawa ta Kwana Casa'in. Wuraren nan babu su a taswira, amma masu kallo sun san lungunansu, sun san wa ke gaba da wa. Wanda ya ba ka sa'o'insa na shekara biyu ya zama mai hannun jari a labarinka, ko ka so ko ka ƙi. A wasan tabarma abin ya fi haka nauyi, domin raƙuman nan ba ni na ba shi ba, shi ya tara abinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ko manyan ma sun taɓa faɗawa wannan rami. Duniyar da ta fi shahara a wasan Turawan nan ita ce Forgotten Realms, wadda Ed Greenwood ya ƙirƙira aka fara sayar da ita a 1987, aka kuma rubuta ɗimbin littattafan labari a kanta. A 2008 kamfanin ya kawo wata annobar sihiri a labarin, ya tsallaka da shi kimanin shekara ɗari gaba. Garuruwa suka ɓace, mutanen da masu karatu suka saba da su suka mutu. Masoya da yawa suka yi fushi, har zuwa 2014 sai da aka san yadda aka yi aka maido da yawancin abin da aka rushe. Amma dubi yadda suka yi da wata duniyar mai suna Eberron, wadda Keith Baker ya ci gasa da ita a 2002 cikin mutum fiye da 11,000, aka buga ta a 2004. Ita ma tana da jirgin ƙasa na sihiri da mutanen da aka ƙera. Da aka tashi shigo da ita cikin wasansu mai tsari, sai aka ware mata nata fagen da nata jaruman, ba a taɓa na tsohuwar ba. Mai so ya shiga, wanda ba ya so ya zauna inda yake. Duk wannan na karanta shi ne bayan na riga na yi ɓarnar.

Amma wanda ya fara buɗe mini ido kawuna ne, wanda ko sunan wasan bai taɓa ji ba. Yana zaune a wani ƙauye ta wajen Gagarawa. Na je gaishe shi, ya ga fuskata ba daɗi, na ba shi labari ina tsammanin zai ce in nemi aikin yi. Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan nan, ai wannan kalankuwa ce kuke yi a zaune."

Wataƙila kai ɗan birni ne ba ka riski kalankuwa ba. Wasa ne na samarin ƙauye bayan an gama girbi. Sukan kafa gwamnati sukutum ta wasa, a naɗa sarki, a naɗa alƙali, a yi likita, a yi 'yan doka, a gayyato 'yan matan ƙauyukan kusa, a yi kwanaki ana shari'a ana cin tara ana raha. Kowa da muƙaminsa, kuma shekara ta zagayo ya koma kansa. A tsallaken iyaka, a Damagaram, suna da mai kama da shi da suke kira wasan kara, inda samari ke kwaikwayon shugabanni, su ƙera kayan aikinsu da karan dawa. Kawu ya ce shi alƙali ya riƙe shekara da shekaru.

Ya ce, "Mun tarar da iyayenmu suna yin Di'o da Razdan. Zamanin Audu Bako muka ƙara Gwamna, muka ɗinka masa kaki. Da siyasa ta dawo a saba'in da tara, sai ga Sanata, sai ga Kwamishina. Duk abin da zamani ya kawo mun sa shi. Amma ka san me? Duk wanda aka ƙara, sai ya fara zuwa gaban Sarkin Samari ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan a nuna masa wurin zama. Ba mu taɓa tsige alƙali don an sami Gwamna ba. Kai kuwa baƙonka ka shigo da shi ta kan katanga, ka kuma kori masu gida."

A hanyar dawowa na tuna da Magana Jari Ce. Tsakanin 1937 da 1939 Abubakar Imam ya kwaso labarai daga Alfu Laila, daga tatsuniyoyin Jamusawa na 'yan'uwan nan Grimm, da wasu wurare, amma duk ya bi da su ta bakin aku a fadar Sarki Abdurrahman. Fadar ba ta motsa ba, labaran ne suka zo suka yi gaisuwa. Shi ya sa har gobe yaro zai karanta bai ji baƙunta ba. Ni da nake tinƙaho da karatun littattafai, sai da tsohon alƙalin kalankuwa ya tuna mini.

Ranar Alhamis na tafi Maigatari. Kasuwar na ci, amma wanda ya san ta a da ya san da bambanci. Na same shi a gindin wata tirela da ba a fara lodinta ba, su kusan goma suna jira. Na ja shi gefe na sayo mana shayi. Na ce na zo ba da haƙuri. Ya daɗe yana juya kofi, sannan ya ce, "Yaya, ba komai, ai wasa ne." Na ce a'a, ya faɗa mini gaskiya. Sai ya ce, "Tun da aka rufe boda, wani satin in zo in koma ko na abinci ban samu ba. Dabbobin mutane nake ɗorawa, su ma sun daina zuwa. Waɗancan su kaɗai ne nawa. Ranar Juma'a in na zauna, ni ne mai ayari. Sai ka ce guguwa."

Mai karatu, na sha kallon finafinan ban tausayi ina cin gyaɗa. Wannan maganar kuwa sai da na kau da kai.

A makon muka haɗu mu uku, madugan majalisun, a shagon mai cajin waya. Na fara da yage shafin guguwa daga littafi a gabansu. Na ce in sun ga dama a jefar da Birnin Ƙarfe gaba ɗaya. Malamin firamaren ya ce a'a, yaransa huɗu suna son baburansu, su ma ba za a yi musu abin da aka yi wa wancan ba. Shi ne ya kawo shawarar da ta fisshe mu, kuma daga bakin ƙofarsa ya ɗauko ta. Ya ce mu dubi yadda dokar yankin ciniki irin na garinsu take: wuri ne keɓaɓɓe, kaya na shiga cikinsa daga waje ba a biya musu kuɗin kwastan ba, amma ranar da za a fito da su zuwa cikin ƙasa, sai an tsaya a ƙofa an yi lissafi. Ya ce to mu mai da Birnin Ƙarfe haka.

Ga abin da muka rubuta a bangon littafi, ko zai yi wa wani amfani. Na ɗaya, ba mai shigo da sabuwar duniya sai madugai uku sun yarda, an kuma sanar da 'yan wasa wata guda kafin nan. Na biyu, sabuwar duniya sai ta sami hanya daga tsohuwa, wadda mutum zai bi da ƙafarsa ya je, ya kuma dawo in ya so. Na uku, abin da ɗan wasa ya tara nasa ne. Yana iya rasa shi ta hanyar dayis ko wautar kansa, amma madugu ba shi da ikon shafe shi da baki. Na huɗu, duk abin da za a fito da shi daga sabon wuri sai an tsaya a ƙofa: jarumi ɗaya, kaya ɗaya, kuma sai an duba ko zai ɓata wa sauran wasa. Na biyar, za a gwada na zama huɗu, in bai yi daɗi ba a rufe hanyar, ba wanda ya yi asara.

Sai muka sake shigo da birnin, wannan karon ta ƙofa. Da fari wani baƙon falke ne ya iso zango da fitila mai ci ba mai. Aka yi mako biyu ana jita-jita a kanta a majalisu uku. Sannan aka tsinci taswira a jakar wani ɗan fashi, tana nuna wani birni tafiyar kwana arba'in arewa da Balma. Yaran da suka riga suka karɓi babura muka ce 'yan birnin ne, su za su tari baƙi. Sai ga tambaya: wa zai iya ratsa rairayin kwana arba'in? Babur mai tashi in ya yi yini ɗaya a waje ƙura ta shaƙe shi. Mutum ɗaya ne a duk littafin ke da dabbobin da za su iya.

Ya dawo ranar Juma'a da takardarsa ta ajami. Kuma kada ka ɗauka kyauta ya kai su. Sai da ya zauna ya yanka wa kowane jarumi kuɗin hanya, har da na telan Gumel, aka yi ta ciniki ana dariya har sha ɗayan dare. Da suka isa, ya gano mutanen birnin suna da komai amma ba su da gishiri. Abin da ban taɓa rubutawa a shafukana arba'in ba ke nan, shi ya tambaya, ni kuma na ga ya fi nawa kyau na ce haka ne. Birnin da na gina don in burge mutane bai yi rai ba sai da ɗan dako ya shiga da kantun gishiri. 'Yan Sule Tankarkar kuwa har yau ba su taka can ba, sun ce su rijiyoyinsu sun ishe su, kuma ba wanda ya matsa musu.

An buɗe iyakar a Maris ɗin 2024. Bayan 'yan watanni wani direba ya ɗauke shi yaron mota, yanzu yana bin tirela zuwa Kudu, sai ya yi wata biyu ba mu gan shi ba. Kafin ya tafi ya kawo mini takardarsa ya ce in ajiye. Tana nan a tsakiyar littafi. Raƙumansa arba'in da ɗaya suna kiwo a wani zango kusa da Balma, kuma duk majalisun sun san ba a taɓa su. Wani lokaci cikin dare sai in ga saƙon murya, ana jin ƙarar injin a bayansa, yana tambaya ko taguwar nan mai tsoron ruwa ta haihu. Nakan ce masa sai ya zo ya jefa dayis da hannunsa.

To 'yan'uwana masu shirya fim da marubuta littattafai, ban janye ko ɗaya daga cikin sukar da na yi muku a baya ba, sai dai yanzu na san daɗin da ke ɗibar mutum har ya aikata. Sabon abu yana da zaƙi, kuma ba wanda ya ce kada a kawo shi. Ku kawo Indiya, ku kawo Koriya, ku kawo birnin da ke tashi sama in kuna da kuɗin yin sa. Amma kafin ku tura guguwa, ku leƙa gefen tabarma ku ga wa ke riƙe da tsohuwar takarda. Kai kuma mai karatu, in wani fim ko littafi ya taɓa kwashe maka raƙuma ba sallama, rubuto ka ba ni labari. Wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan koma kan masu fim, wuƙar na nan na wasa ta.